Ramin da ke Cikin Bakan Rabgay

Jan da ke kan ciyawar filin gasar harbin baka ba duka ne jini ba. Rabinsa tofin masu tauna doma ne, goron ƙasar mai rina baki ja. Insfekta Lhaden ta tsallake, ta tsaya inda Nidup ya faɗi, taku ashirin daga allon da ake harba.

An riga an wuce da shi asibitin Paro da kibiya a kafaɗa. Wanda ya harbe shi, Rabgay, yana zaune a kan kututture, kofur na tsaye a kansa. Kowa a ƙauyen ya san su biyun sun shekara uku suna rigima kan ruwan gona.

"Da gangan ne, Yallaɓiya," in ji wata mata cikin masu waƙar gasa. "Rabgay da ke harbo ƙuda a kan ƙahon bijimi? Yau ne zai kuskure da taku ashirin?"

Lhaden ta juya ga Rabgay. "Ka ji abin da ake faɗa. In ya tabbata, gidan yari ne."

"Bakan ne ya murɗe a hannuna."

"Wa ya taɓa shi ban da kai?"

"Babu kowa. Yana wurina kullum."

Ta ɗauki bakan, irin na zamani mai jikin ƙarfe, ta kai wa Gyeltshen, mai gyaran bakuna a bayan kasuwa. Tsohon ya kwance tsirkiya, ya cire fikafikan bakan biyu, ya bar ƙarfen tsakiya kaɗai, wanda maharbi ke riƙewa. Ya ɗora miƙaƙƙen ma'auni a jikinsa. Haske ya ratsa tsakaninsu.

"Ya lanƙwashe," ya ce.

"Faɗuwa ya yi?"

"'Yata, wannan ƙarfen ko jaki ya taka shi sai dai jakin ya yi ɗingishi."

Ya shafa masa tawada da kananzir, ya goge. Wani siririn baƙin layi ya fito kamar gashi, ya nufi ƙarƙashin fatar mariƙi. Da ya ɓare fatar, sai ga rami an toshe shi da kakin zuma. Ya sa allura ya zaro wata 'yar takarda a naɗe da jan zare.

Lhaden ta warware. Addu'ar nasara ce, irin wadda mai duba ke ba maharba.

"Za ka iya gyara shi?"

"Tsaga a nan ba ta ɗinkuwa. Ko an yi walda, wata rana a fuskar mai shi zai tashi. Wanda ya huda wannan ya ɗauka katako ne."

Ta koma caji ofis ta ajiye takardar a gaban Rabgay.

"Mai duba ya raba ku da gidajenku kwana biyu kafin gasa, kamar kowace shekara. Ku kuna daji, bakunan suna ina?"

Rabgay ya ture takardar gefe.

"Abokan harbinka sun ce a ɗakin ibadar mahaifinka aka jera su, su sha albarka. Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Ni na harba, Yallaɓiya. Ki rubuta haka kawai."

Ta sa shi a mota tare da kofur, suka tafi gidansu. Mahaifinsa, Ap Drugyel, masassaƙin tagogi ne. Suka same shi a tsakar gida yana fere itace. Ya miƙo mata shayin man shanu, ta karɓa ba ta sha ba.

"Baba, ka taɓa bakan ɗanka?"

"Ni da waɗannan bakunan zamani masu taya? Da bakan gora na yi harbi, yarinya, tun ba a haifi babanki ba."

Ta cire takalmi ta hau ɗakin ibada. An share shi tas, amma a tsakanin katakon daɓe, gaban fitilun mai, wani farin gari yana ƙyalli. Ta dangwalo shi da yatsa, ta sauko ta ɗauki mahujin tsohon daga cikin kayan aiki. Bakin mahujin ma yana ƙyalli.

"Wane itace ne yake fitar da garin ƙarfe, Baba?"

Tsohon ya ajiye wuƙarsa a hankali.

"Shekara huɗu ƙauyen da muke gasa da su suna cinye mu," ya ce. "Matansu har waƙar zambo suka yi wa Rabgay. Mai duba ya ce a ɗaura layar a jikin baka. Na ce in an ɗaura za su gani su karya ta. A bakan gora muna cusawa a ciki, ba abin da yake faruwa."

"Nidup ba zai ƙara ɗaga hannun dama ba. Kuma da ka yi shiru, ɗanka za a ɗaure."

"Na sani. Tun safe nake neman bakin da zan faɗa."

Ya tashi ya gyara ɗamarar rigarsa, ya miƙa wa kofur hannuwansa. Lhaden ta girgiza kai, kofur ya mayar da ankwa aljihu. Suka nufi mota, tsohon a tsakiya.

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Rabgay, ka shigar da shanu kafin ruwa ya sauko."

Rabgay bai dube shi ba. Ya ɗauki hularsa daga kan dakali, ya bi ta ƙofar baya, ya gangara hanyar da ke zuwa asibiti.