Goshi, Saniyar Jikin Kwalba

Ranar da Auta ta fara ganin Mai Zane, yana tsugune a bakin garke da fensir a bayan kunne, Goshi kuma ta juya masa baya kamar ya zagi uwarta.

"Malam, saniyar nan ba ta tsaya wa baƙo," in ji Auta.

"To ki roƙar min ita, ranki ya daɗe. Fuskarta aka ce in zana, ba wutsiya ba."

Auta ta yi fito sau biyu. Goshi ta juyo. Shi kuma ya manta da saniyar, ya tsaya kallon mai fiton.

Kakar Auta ce ta fara sana'ar madarar gidan da saniya ɗaya da tukunya biyu. Da Baba ya gaje ta ya sayi injin dafa madara, sai ya sa aka buga fuskar Goshi, jikar waccan saniyar, a jikin kowace kwalba. Yaran garin ba sa cewa a sayo madara, sai dai a sayo Goshi. Yanzu ta tsufa, ƙaho ɗaya ya karye, nono ya ƙafe. Amma shanu talatin na gidan ba sa shiga rumfar tatsa sai ta shige gaba, ita kuma ba ta ɗaga ƙafa sai ta ji fiton Auta.

Baba ya ɗauko Mai Zane ne don ya sabunta hotonta a bangon shago. Bawan Allah ya zana ta yadda ya gan ta, har da guntun ƙahon.

"Wa zai sha madarar tsohuwa?" in ji Baba. "Goge. Ka sa mata ƙaho biyu da murmushi."

Ya goge, amma ya ɓoye zanen farko na takarda. Da la'asar wayar Auta ta yi ƙara.

"Mai Fito, yau na yi wa bango ƙarya. Ke dai ba zan yi miki ba: ina son ki."

Ta karanta sau biyar, ta bar madara ta ƙone a tukunya, sannan ta rubuta: "Mai Fentina, ka fara wanke hannunka, sai mu yi magana."

Soyayya ba ta ɓuya a ƙaramin gari. Baba kuwa ya riga ya yi wa Auta miji a ransa, ɗan Mai Motoci, wanda ubansa ke rarraba musu kwalabe. Da Mai Zane ya turo kawunsa neman izini, ko ruwa ba a ba shi ba. Washegari Baba ya kira Mai Zane, ya miƙa masa buroshi a gaban ma'aikata, ya ce ya rubuta sunan ɗan Mai Motoci a jikin motar rabo, kusa da fuskar Goshi, wai sabon abokin ciniki ne. Da ya gama, Baba ya dafa motar.

"Hannunka ya iya rubuta sunan surukina. Allah ya yi albarka."

Auta ta ga rubutun, ta gane hannun, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ta tura masa saƙo.

"Ashe har kai ka sallama ni?"

"Wallahi ban sani ba sai da fentin ya bushe. Ki yafe min, Mai Fito. In kin ce in jira, zan jira har in yi furfura."

Ta share hawaye, ta je ta faɗa wa Baba ba ta son ɗan Mai Motoci. Ya karɓe wayar, ya kulle Auta a ɗaki.

Abin da ya manta shi ne garke. Yayan Auta ya yi fito har leɓensa ya bushe, Goshi ko kunne ba ta kaɗa ba. Aka zane ta da bulala, ta durƙusa a ƙofar rumfa ta toshe hanya. Kwana uku shanu suna kuka, hantsa ta kumbura, ana kokawar tatsar su ɗaya ɗaya a fili, shago babu kwalba ko ɗaya. Auta tana jin kukan daga ɗaki, ita ma tana yi.

A rana ta huɗu Baba ya buɗe ƙofa da fara'a.

"Kin yi nasara, 'yar Baba. Ki auri mai fentinki. Amma kafin ki tafi, ki koya wa wata karsana jan garke, ta saba da fiton yayanki."

Mama ta ji wannan fara'ar, gabanta ya faɗi. Auta kuwa murna ta rufe mata ido. Tsawon wata guda tana ɗaure karsanar a gefen Goshi, safe da yamma, har ta iya hanya ita kaɗai. Da ta roƙi a ba ta Goshi ta tafi da ita, Baba ya ce sai bayan biki.

An ɗaura aure, tsakar gida ya cika. Nama ya wadata har maƙwabta suka ɗiba. Baba da kansa ya zuba wa amarya da ango, ya tsaya a kansu sai da suka ci.

"Ya yi tauri ko?" in ji shi a hankali. "Naman tsohuwa sai da haƙuri. Ke kika koya wa wata aikinta, me zan ci gaba da ciyarwa? Allah ya ba ku zaman lafiya."

Mutane suka amsa da amin, don addu'ar kawai suka ji. Auta ta kalli farantin. Ba ta yi ihu ba. Mai Zane ya riƙe hannunta da ƙarfi.

"Tashi mu tafi gidanmu," ya ce.

A bakin mota Mama ta cusa mata wani ƙulli a cinya. Guntun ƙahon ne, an wanke shi tas.

"Shi kaɗai na iya ceto miki. Ku je, Allah ya sa ku zame wa juna inuwa."

Addu'ar Mama ta kama su. Mai Zane ya rataye zanen farko a ɗakinsu, ya riƙe Auta da amana, suka haifi 'ya'ya huɗu. Har yau motar rabo tana wucewa ta ƙofar gidan kowace safiya, Goshi a jiki da ƙaho biyu tana murmushi, Auta kuma takan sauke labule. 'Ya'yanta sun girma ba su taɓa sanin uwarsu ta iya fito ba.