Jan Rubutun da Ya Fito Baƙi

Ranar da ya fara shigowa shagon, Auta tana durƙushe gaban firinta tana zaro takardar da ta maƙale, yatsunta duk baƙin tawada. Sau biyu ya yi sallama. Baba, mahaifinta, yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, amma kunnen Baba ya daɗe da yin nauyi, don haka ita ce ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Takardar jarrabawa nake so a buga min, kwafi arba'in," ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri.

Malami ne a makarantar da ke bayan layin, labarin ƙasa yake koyarwa. Auta ta goge hannu, ta karɓi filash ɗinsa ta buɗe a kwamfuta. Taswira ce ta bayyana, an shafa wa wani yanki ja, wani kore, wani shuɗi, a ƙasa kuma an tambayi yara sunan yankin da aka shafa wa ja.

"Malam, injinmu bai san ja ba, bai san kore ba. Baƙi kaɗai ya sani. In na buga maka haka, yaranka duka za su faɗi, kuma alhakinsu a wuyanka."

"To yaya za a yi?"

Ta jawo kujera. Inda yake ja ta zizara layuka, inda yake kore ta zuba ɗigo-ɗigo, shuɗin ta bar shi fari, sannan ta gyara tambayar. Shi kuwa yana tsaye a bayanta, wai taswira yake kallo. Da ta juyo ta miƙa masa takardun, idonsu ya haɗu, sai ya karɓa ya yi hanyar fita ya bar filash ɗin a jikin kwamfuta.

Daga ranar Malam ya zama mutum mai yawan takardu. Jadawalin darasi ɗaya sai da ya buga shi sau uku a mako guda, kowane zuwa da ƙaramin gyaran da bai taka kara ya karya ba. Auta tana gani ta yi kamar ba ta gane ba. Amma in ƙarfe biyu ta yi ba ta ga giftawarsa ba, sai ta kasa zama, ta leƙa titi, ta dawo ta jera takardun da ta riga ta jera.

Da yamma saƙonsa yakan shigo.

"Hasken shago, yau na duba duk jakata ban sami abin bugawa ba. Ko in kawo farar takarda ki buga min ita haka nan?"

"Malam Taswira, fara ba ta buguwa. Ka dai zo ka gaida Baba."

"Ina gaishe shi kullum. Ba ya amsawa."

"Ba ya jin ka ne, rabin raina. Ni ma sai na kasa kunne."

A nan matsalar take. Baba tsohon mai buga tafireta ne, shekara talatin ya yi a ofis kafin ya buɗe shagon, kuma tun da kunnensa ya yi nauyi yake auna mutane da ƙarfin muryarsu. Mai shagon tsallaken titi, wanda yake da babbar firinta mai kala, Allah ya hore masa maƙogwaro kamar lasifika. Kullum sai ya tsallako ya gaida Baba har layin ya amsa, yana yi yana satar kallon Auta, turarensa ya cika shagon. Baba yakan ce yaron nan akwai ladabi. Malam kuwa, a idon Baba, mutum ne da yake motsa leɓe ya wuce.

Ranar da Auta ta daure ta yi masa maganar Malam, Baba ya cire tabarau ya dube ta.

"Mutumin da ban taɓa jin kalma ɗaya daga bakinsa ba? Ko girman kai ne, ko ba shi da abin faɗa. Ga yaron tsallake nan, ya riga ya fara yi min zancenki."

"Baba, ni dai ba shi nake so ba."

"Ban ce dole ba. In malamin naki yana da magana, ya rubuto min. Ni mutumin takarda ne, daga rubutun mutum nake gane shi."

Auta ta isar wa Malam da saƙon, sai ya yi kwana biyar bai leƙo shagon ba. Auta ta yi ta duba waya har Baba ya tambaye ta ko wayar ce take biyan ta albashi. A rana ta shida ya zo da sauri lokacin hutun tara, ya durƙusa ya miƙa wa Baba farar ambulan a liƙe, ya koma makaranta kafin a buga ƙararrawa.

Baba ya farke ambulan ɗin a hankali. Auta tana daga bayan kwamfuta tana kallon fuskarsa. Da farko ta ga yana gyaɗa kai. Can sai kan ya tsaya. Bai kai ƙarshen shafin ba ya ajiye takardar a gabanta.

"Karanta. Kuma kada ya sake taka min shago."

Ga abin da ta gani:

"Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa. Na san ba ka san ni sosai ba, kuma laifin muryata ne. Rage tsawo, tsohon ba ya ji, kada ka gajiyar masa da ido ma. Ina neman izininka in turo manyana game da Auta. Ba ni da shago, ba ni da mota, koyarwa ce sana'ata. Tsoho mai taurin kai irin wannan sai da lallashi, a ƙara masa zuma a nan."

Nan ta tsaya, don idonta ya cika. Ba ta taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mata lokaci guda irin na ranar ba. Baba bai yi faɗa ba, ya dai jefa takardar cikin durowa ya koma kujerarsa ya juya wa titi baya, kuma wannan ya fi faɗa ciwo a wurinta.

Ta rubuta wa Malam saƙo: "Mahaifina ba abin dariya ba ne. Kada ka sake nema na."

Amsa ta zo nan take: "Hasken shago, me ya faru? Wallahi ban gane ba."

Ta toshe lambarsa.

Kwana uku Auta ba ta san inda kanta yake ba. Ta buga wa wata mata takardar neman aiki a juye, ta buga wa wani shafi na biyu sau goma ta manta na farko. In ta zauna ta miƙe, in ta miƙe ta rasa abin da ta tashi yi. Tana jin haushin Malam, tana kuma kewarsa, ta rasa wanne ya fi. Sau biyu ta hango shi tsaye a ƙarshen layi da jakarsa, ta janye daga taga.

A rana ta huɗu mai shagon tsallake ya shigo da fara'arsa.

"Baba, ai sai haƙuri. Yaran yanzu ba su da ta ido. A ce mutum ya kira babba mai taurin kai a rubuce?"

Baba ya yi tsaki kawai. Auta kuwa hannunta ya tsaya cak a kan madannan kwamfuta. Baba bai gaya wa kowa ba, ita ma haka. To a ina wannan ya karanta?

Yana fita ta jawo durowa ta ɗauko wasiƙar, ta kai ta bakin taga inda rana take shigowa. Wanda ya shekara yana buga takardu yana ganin abin da sauran mutane ba sa gani. Layukan ba iri ɗaya ba ne. Na gaisuwa da neman izini baƙi ne wuluk. Na cin fuskar kuwa toka-toka ne, kuma in aka matso da ido, haruffan cike suke da ƙananan ɗigo. Haka jan rubutu yake fitowa idan aka buga shi da baƙi.

Ta buɗe lambar Malam ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Malam, wa ya sa ja a cikin wasiƙarka?"

"Ja? Yayata ce ta duba min, ta yi min gyara da ja, amma ai na goge..." Ta ji yana danne-danne a waya, sannan ta ji ya ja salati a hankali. "Fayil biyu ne. Mai gyaran Yaya na tura, ba wanda na tsabtace ba."

"A ina ka buga?"

"A tsallake. Kunya ta hana ni kawo miki. Na tura masa ta waya, na ce ya buga ya liƙe min a ambulan, don ina da aji."

"Ka kai wasiƙar neman aurena shagon mai nema na, kuma ba ka karanta ba ka miƙa wa Baba?"

"Na yi wauta, Hasken shago."

"Ka yi, rabin raina. Gobe da safe ka zo, kuma ka taho da Yaya."

Ta ɗauko gilashin ƙara girman rubutu da Baba yake duba ƙananan haruffa da shi, ta durƙusa kusa da kujerarsa, ta ɗora gilashin a kan layi na uku. Ta matso kunnensa ta yi masa bayani. Baba ya daɗe yana dubawa, yana kai gilashin daga baƙin layi zuwa mai toka-toka.

"Ƙyallen tawadar tafiretarmu rabi baƙi ne rabi ja," ya ce a ƙarshe. "Ja na mai gyara ne, ba ya shiga wasiƙa. Ko ɗan koyo ya san in ya ga ja sai ya tambayi mai takarda kafin ya buga." Ya ɗaga kai ya dubi shagon tsallake ta taga, inda ga firinta mai kala amma aka buga jan da baƙi. "Amma dai wani ya rubuta shi. Wa ya ce min tsoho mai taurin kai?"

Washegari Yaya ta zo, doguwar mace mai baki, yau kuwa bakin ya mutu. Ta durƙusa ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba, ni ce. Tsokanar ƙanena nake yi, ban san zai iso gabanka ba. Na yi rashin kunya, ka yafe min."

Baba ya dube ta sama da ƙasa.

"Rashin ji dai Allah ne ya ɗora min, wannan bai kamata ki taɓa ba. Taurin kai kuwa, ba ki yi min ƙarya ba."

Auta ta sunkuyar da kai don kada dariya ta kufce mata. Sannan ta juya takardar ta miƙa masa, don a bayanta akwai sauran rubutu da ba wanda ya kai gare shi ranar. Layi na ƙarshe shi ma toka-toka ne: "Ka gaya masa wata biyu kana tsayawa gaban madubi kana koyon magana a hankali don ya riƙa karanta bakinka. Kunyar me kake ji?"

Baba ya karanta sau biyu. Ya ajiye gilashin, ya dubi Malam da yake rakuɓe a bakin ƙofa kamar wanda aka kama da laifi.

"Matso. Faɗa min abin da ka koya."

Malam ya durƙusa daidai gabansa, inda haske yake kan fuskarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe baki sosai, kalma bayan kalma, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Baba, ina son Auta. Zan riƙe ta da mutunci. Ka ba ni ita."

Auta ta riƙe numfashi. Baba bai kalle ta don ta maimaita masa ba, kamar yadda yake yi da kowa tun shekaru. Idonsa yana kan bakin Malam har ya gama.

"Na ji ka," Baba ya ce. "Duka na ji. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mai shagon tsallake bai zo ba, ya ce aiki ya yi masa yawa, kuma ba wanda ya tambaye shi dalili. Yaya ce ta fi kowa kai-komo, tana ta gaya wa mutane cewa ita ta haɗa auren, Malam yana bin ta da harara.

Da aka zo tafiya da amarya, Baba ya kira Auta gefe, wai zai yi mata magana a asirce. Ya dafa kanta ya sunkuyo, a zatonsa raɗa yake yi, alhali har na bakin ƙofa suna ji.

"Autata, kin zaɓi mutumin kirki, ni ne na so in yi miki asararsa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kada ki gaya masa na ce haka."

Gidan duka ya amsa da amin. Malam, da yake tsaye a waje ya ji komai, ya share ido da hannun riga, Auta kuma ta kifa kanta a kafaɗar Baba tana kuka tana dariya.