Tsakar Ɗakin Usumanu

Ranar da na fita takaba na koma tsohon gidanmu na Anguwan Rukuba, in ɗauko keken ɗinkin mijina Usumanu. Tun da rikicin 2001 ya cinye shi, ɗakin yake rufe. Na goya Safara'u, 'yar wata takwas, da farin zane. Mota ta ɓata min lokaci, sai magariba na isa.

Maƙwabciyarmu Suzana ta miƙo min makulli. "Maman Safara'u, ki bari sai da safe. Ɗakin nan ina jin ɗinki a ciki."

Ban saurare ta ba. Ko sallama ban yi ba na shiga.

Warin man keke da raɓa. Na kunna aci-bal-bal. A bango, sama da keken, ga tsaka fara sol, har ana hango ƙwai biyu ta fatar cikinta. Usumanu bai taɓa bari a kashe ta ba, wai ita ke cinye masa sauro.

Ta kalle ni. Tsaka ba ta ƙifta ido, da harshe take lasarsa.

Na cire takalmi na kai mata duka, babu bisimilla. Ta tsere. Jelarta ta faɗo kan keken tana mutsu-mutsu.

Ba ta daina ba.

Tsut. Tsut. Kukan tsaka daga kowace tsaga ta bango.

Sai keken ya fara juyawa, babu ƙafar kowa a kai.

"Hanatu." Muryar Usumanu ce, dab da kunnena. "Kawo yarinyar in gwada ta."

Na ji ƙullin goyona yana kwancewa, a hankali, kamar da yatsu masu sanyi.

Na fizgo Safara'u zuwa ƙirjina. Zanen ya sulale, allura ta kama bakinsa.

Wani hannu mai ɗumi ya damƙi wuyan rigata. Suzana ce. Ta jawo mu waje, ƙofar ta rufe kanta.

Washegari ta kawo min zanen har gidan yayana a unguwar Abattoir. A bakin ƙofa ta tsince shi, a ninke. An yanka shi, an ɗinke shi likkafani. Na san ɗinkin mijina. Na shimfiɗa shi kusa da yarinyar, tsawonsu ɗaya cif.

Ban koma neman keken ba. Kowace asuba nakan gwada ta da shi. Sai ranar da ƙafafunta suka zarce bakinsa na fara barci.