Amarya Mai Karatun Ajali

Ranar Lahadi ce, gidan su Khoa da ke unguwar Alief a Houston ya cika da ƙamshin romon ƙashi da citta. Hanh na tsaye a kicin tana tsinke ganye, kanta a sunkuye kamar yadda ya kamaci wadda za a auro gidan nan da 'yan watanni. Mama Lien, mahaifiyar Khoa wanda zai aure ta, tana zuba taliya a kwanuka, bakinta bai huta ba.

"To 'yata, wannan karatu naku na tafiyar da asibiti yaushe zai ƙare ne? Kullum jaka a baya kamar 'yar firamare!"

"Zango ɗaya ya rage, Mama. Yanzu ma kwasa-kwasan zaɓi ne, kowa ya ɗauki wanda ransa yake so. Wasu sun ɗauki na inshora, wasu na kwamfuta."

"Ke fa?"

Hanh ta saci kallon Khoa da ke jingine a bakin ƙofa. Ya girgiza mata kai a hankali. Amma ita ba ta iya ƙarya ba.

"Na ɗauki na kula da gidajen jinyar waɗanda magani ya daina yi wa aiki, Mama. Sau biyu a mako zan riƙa zuwa can ina koyon aiki."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Mama Lien.

"Gidan jiran mutuwa?! Ke da ake shirin kai ki ɗakin miji? Ki kwaso iskar gawa a rigarki ki shigo mini da ita gida?"

"Mama, kakata ita kaɗai ta cika a asibiti, babu ko mai jin yarenta a kusa. Tun ranar nake..."

"Rufe mini baki! Ba a kiran sunan abin nan a kan abinci!"

Baba Thinh, maigidan, yana zaune a tebur. Ya ja kwanonsa ya ci gaba da kurɓar romo.

Ba a yi wata ba aka tsinci Baba Thinh a kwance a lambunsa na bayan gida, tiyon ban-ruwa na zuba a gefensa. Likitoci suka ce sankara ce a hanta, kuma ta riga ta yaɗu.

Hanh ta iso asibitin a guje, da furanni a hannu. A bakin ɗakin Mama Lien ta tare ta, idanunta jawur.

"Ke ce! Mutumin da ko mura ba ya yi! Ban faɗa miki ba? Kada ƙafarki ta sake taka inda muke!"

Furannin suka zube. Khoa ya durƙusa yana tsince su.

Daga ranar tsoro ya shiga jikin Hanh. Ita da ta yi karatu, ta san ciwo irin wannan yakan ɗauki shekaru yana cin mutum a ɓoye, amma zuciya ba ta san lakca ba. In ta dawo daga gidan jinyar sai ta tuɓe takalmanta a waje, ta wanke hannu har ya yi ja. Waya na ƙara gabanta zai yanke ya faɗi. Ko mahaifiyarta ta yi tari sai ta miƙe zumbur, tana tambayar kanta, shin ni ce?

Wata yamma Khoa ya same ta a wurin ajiye motoci na jami'a. Ya rame, gemu ya fito masa.

"Hanh, don Allah ki sauya kwas ɗin nan. An ce har yanzu ƙofa a buɗe take. Ki koma na inshora, digiri dai ɗaya ne!"

"Khoa, kai ma ka yarda ni na jawo?"

"Ban yarda ba! Amma Mama ta ce za ta aika a karɓo kayan baiko. Ubana na kwance, uwata ba ta ci ba ta sha, ke kuma za ki kuɓuce mini. Ya kike so in yi?"

Hawaye suka wanke mata fuska. "In na sauya yau, na amsa laifin ke nan har abada. Gobe in ɗanmu ya yi zazzaɓi, wa za a kalla? Ba zan yi wa Mama rashin kunya ba, ko da kalma ɗaya. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban aikata ba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya. Ta tsaya tana kallon motarsa har ta ɓace, ba ta san ko ganin ƙarshe ke nan ba.

Ta ci gaba da zuwa aji. Duk safiya kuma takan dafa kunun shinkafa ta bayar a kai wa Mama Lien asibiti. Ana dawo mata da kular ko buɗewa ba a yi ba. Washegari ta sake dafawa.

Wata safiya Khoa ya kira. Da ƙyar ta iya ɗauka.

"Baba ne yake nemanki. Mama ta tafi wurin ibada. Ki yi sauri!"

Ta tarar da tsohon ya koma kamar kara, idanunsa sun yi rawaya. Ya yafito ta.

"Zauna, 'yata. Kowa a nan murmushi yake mini kamar yaron goye. Wai gobe zan warke! Ni da na tsallaka teku a kwale-kwale na yi hijira zuwa ƙasar nan, ni za a ɓoye wa hadari? Ke kaɗai ce ba kya tsoron sunan abin. Gaya mini, dole ne a nan zan ƙare, cikin wayoyin na'urorin nan?"

Ta ce, "Ba dole ba ne, Baba. Haƙƙinka ne likita ya gaya maka komai da yarenka. In ka zaɓi gida, akwai nas da za su riƙa zuwa, da gado, da maganin da zai kwantar da zafin."

Ƙofa ta buɗe. Mama Lien ce. Hanh ta miƙe.

"Wa ya shigo da wannan..."

"Ni na kira ta, Mama." Khoa ya matsa ya tsaya a gaban Hanh. "Ki gafarce ni."

"Lien," in ji tsohon a hankali. "Shekara biyu ina jin ciwon nan a gefena ina ɓoye miki, tun yarinyar nan ba ta san da wani kwas ba. In laifi kike nema, ga ni kwance. Tsoro nake ji, Lien, kuma kun bar ni ina jin sa ni kaɗai. Ki kai ni gida."

Mama Lien ta dafe bango, ta zame ƙasa, ta fashe da kukan da ta daɗe tana dannewa. Hanh ta durƙusa kusa da ita, tana jiran a ture ta. Ba a ture ta ba.

Cikin 'yan kwanaki aka kafa gadon a falo, daidai taga. Hanh ce ke shiga da fita, ta kira likita, ta tsara zuwan nas, ta fassara wa Mama abin da ba ta gane ba, ta koya mata yadda ake jiƙa masa leɓe da auduga. Baba Thinh ya samu barci. Har dariya ya dawo yi, yana tsokanar Khoa wai bai iya aski ba.

Mama Lien da kanta ta ce a matso da bikin kafin makoki ya shigo gidan. A falon aka yi shi, ba kiɗa ba taro. Hanh cikin jar doguwar riga ta durƙusa ta miƙa wa tsohon shayi da hannu biyu, kamar yadda amarya ke yi a al'adarsu. Ya kurɓa kaɗan, ya ce, "Yanzu na sha ruwan surukata."

Da lokacinsa ya yi, da hantsi ne, hannunsa cikin na matarsa. Mama Lien ta ɗago, a ɗakin da ke cike da dangi ba ta nemi kowa ba sai mutum ɗaya.

"Hanh, 'yata, zo ki riƙe ni. Ni ban san me ake yi ba."

Hanh ta je ta riƙe ta.

Ajali ba ya bin rigar kowa, ba ya kuma jiran a kira sunansa. Tsoro ne ke sa mu nemi wanda za mu ɗora wa laifi, sau da yawa kuwa wanda muka kora shi ne zai tallafe mu ranar da ƙafa ta gaza. Wadda aka zarga a kan gaskiyarta, in ta riƙe ladabi ba ta saki gaskiyar ba, komai daɗewa bakin da ya kore ta shi zai kira ta 'yata.