Gem Ɗin da Datti Ya Sa wa Wuta

Ranar wata Laraba a damunar 1996, bayan azahar, aka kai rahoto ofishin 'yan sanda na Tudun Wada cewa wani saurayi ya faɗi ya mutu a shagon gem, wato wasan talabijin, na wani da ake kira Bature, bayan tasha. Sunan saurayin Isyaku, mai kamun kifi ne a dam ɗin Tiga. Ƙanina ne, ni na goye shi. Abin da na gani da abin da aka faɗa a gabana nake rubutawa.

Sufeto Ladan ya iso a kan babur. Takalma ne zube a ƙofa, don Bature ba ya yarda a shiga masa da takalmi. A ciki akwai talabijin a kan tebur, da akwatin gem, da benci. Isyaku na kwance a siminti, wandonsa jiƙe har gwiwa, daga ruwa ya taho.

"Me ya same shi?" in ji Sufeto.

"Farfaɗiya ce, Yallaɓai," in ji Bature. "Ko kuma Hamman ya buge shi. Gem na dambe suke yi, na ji suna zage-zage."

"Farfaɗiya ko duka? Zaɓi ɗaya."

"Duka."

Hamman abokin Isyaku ne tun suna yara. Wani kofur ya riga ya kulle shi a ofis, ana cewa gobe za a wuce da shi Kano a kan kisan kai.

Sufeto ya durƙusa ya buɗe tafin hannun Isyaku. Ga ƙuna, fara, doguwa, kamar ya damƙi ƙarfe mai zafi. Ya ɗauki hannayen gem na roba da ke kan tebur, ya shafa. Ƙura ta biyo yatsansa.

Ya koma ofis, na bi shi, ya sa aka fito da Hamman.

"Da me kuke wasa?"

"Da na robar nan, ranka ya daɗe."

"Buɗe hannunka."

Hamman ya buɗe. Tabo iri ɗaya, amma ya fara warkewa.

"Tukunya ce ta ƙona ni."

"Kai da mamaci tukunya ɗaya kuke ɗauka? Ka ci gaba da ƙarya, igiya ce za ta raba mu."

Hamman ya fashe da kuka. Ya ce Datti mai gyaran rediyo ne ya canza gem ɗin. Ya ƙera masa hannaye na ƙarfe, ya ajiye wani abin takawa a ƙarƙashin tebur. Wanda ya ci wasa sai ya taka, wuta ta ja wanda aka kayar, jama'a su yi ta dariya. Har daga Kiru samari ke zuwa don wannan.

"Ni na ci, ni na taka," in ji Hamman. "Na ɗauka wasa yake yi da ya ƙi saki. Dariya nake yi, Yallaɓai. Dariya."

Sufeto ya sake komawa shago. Ya nuna wa Bature ramukan kusa a jikin tebur, inda aka cire hannayen ƙarfen, ya tsaya yana kallonsa. Bature ya zagaya bayan shago, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin itace. A ciki akwai kan keke da aka yanka biyu, da wayoyi, da abin taka keken ɗinki.

Aka kawo Datti shagon bayan la'asar. Dogo ne, mai tabarau, da takalmin roba mai kauri. Bai cire shi a ƙofa ba.

"Aikinka ne wannan?"

"Nawa ne. Amma ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Ban tilasta wa kowa ya riƙe ba. Kuma ba ya kisa, ɗan ja ne kamar cizon cinnaka."

"Madalla. Haɗa mu gani."

Datti ya haɗa, har yana bayani da alfahari. Aka tayar da janareta. Sufeto ya ɗauki buta ya zuba ruwa a siminti.

"Cire takalminka. Riƙe. Ni zan taka."

Datti ya mayar da hannayensa baya.

"Cizon cinnaka ne fa, Malam Datti."

"Yallaɓai, ina da iyali."

"Shi mamacin daga sama ya faɗo?"

Datti ya zauna a benci. Ya ce da akwai wani ɗan abu a ciki da ke rage ƙarfin wutar. Samari suka rinƙa yi masa ba'a, wai gem ɗinsa ya zama na mata, ba ya ja. Ranar Litinin ya cire shi.

"Ka gwada bayan ka cire?"

"Na gwada da kaza."

"Me ya sami kazar?"

"Mun yi sauri mun yanka ta."

"Ka faɗa wa masu wasa?"

"Na faɗa wa Bature. Na ce zan gyara ranar Juma'a."

"Wallahi cewa ya yi mutum ba kaza ba ne!" in ji Bature.

Sufeto ya haɗa su da ankwa ɗaya. Ya ce a saki Hamman, a ba mu gawa mu yi mata sutura. Ina tsaye a bakin ƙofa Datti ya wuce ta gabana. Bai dube ni ba. Kofur yake wa magana, wai ya riƙe buhun da kyau, wata uku ya yi yana haɗa abin.

Samari sun cika titi. Sufeto yana ɗaure akwatin gem a bayan babur, ana fito da Isyaku a cikin tabarma, sai wani daga cikinsu ya matso ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a dawo da shi? Ni ne a layi."