Tsohuwa da Randar Gawayi

A wani zamani da itace ya yi tsada, an yi wata tsohuwa da ke zaune da jikarta Kyallu. Kullum in ta sauke tuwo, sai ta zare itacen da ya rage a murhu, ta yayyafa wa garwashin ruwa ya yi "cuu", ta kwashe gawayin ta zuba a wata fasasshiyar randa.

Maƙwabciyarsu kuwa takan bar wutarta ta ci har ta zama toka. In ta ji "cuu" ta bayan zana sai ta yi dariya, ta ce, "Iya, gawayin ma sai an yi masa rumbu?"

Tsohuwa sai ta ci gaba da aikinta. Gobe ma ta zare, ta yayyafa, ta kwashe.

Da damina ta yi nisa, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Itace ya jiƙe, masu sayarwa suka daina shigowa gari. Sai ga maƙwabciya ta yi sallama da kasko a hannu, kanta a sunkuye. Ta ce, "Iya, tun jiya yarana ba su ci abu mai ɗumi ba."

Kyallu ta ce a hankali, "Kaka, ita ce fa mai yi mana dariya."

Tsohuwa ta ce, "Yaran ba su yi ba. Cika mata."

Maƙwabciya ta karɓa hannu biyu, tana ta godiya har bakin ƙofa: "Allah ya saka da alheri, Iya, Allah ya ƙara girma."

Bayan ruwa ya ɗauke, ranar nan suna cin tuwo, sai suka ji ta bayan zana: "cuu."