Barci a Gindin Kurna

Tun kafin a rufe lekol a ba ɗalibai hutu, Najiba ta fara shirin tafiyar nan, sai ka ce Makka za ta, alhali daga Madawa ne zuwa Tamaske, gidan uwar mijinta. Malamar makaranta ce, irin mutanen nan da ko shayi za su dafa sai sun tsara. Mijinta Yunusa ɗan kasuwar albasa ne. Shekara guda kafin nan ya sayi wata tsohuwar mota, shi ne a waccan shekarar ya ce da babban hutun damina za su kai yara su ga kakarsu Gogo, wadda ba ta taɓa ɗora ido a kan ƙaramin ba.

Yaran biyu ne. Babbar mace ce, ba ta isa shiga aji ba, kuma sunan Gogo aka sa mata, Ummukulsum. Ga ta ɗiyar fari, ga sunan suruka, kunya ta zama biyu, don haka sunan nan bai taɓa fita daga bakin Najiba ba. Takwara take ce mata. Ƙaramin kuwa, Bashiru, ɗan goye ne, ko magana bai fara ba.

Ba abin da baiwar Allah nan ba ta tanada ba. Ta soya nama, ta dafa ƙwai, ta cika bido da ruwa, ta ɗaure maganin zazzaɓi da kayan canji. Har tasha ta je ta tsare direbobin Buza da tambaya: wace ƙorama ke saurin cika, ina laterit, jar tsakuwar hanya, ya zaizaye, ina ake samun rezon waya. Amma dabarar da ta fi yi mata daɗi ita ce ta barci. Ta ce yaro in yana barci ba ya amai, ba ya kuka, ba ya tambayar ko an kusa. Saboda haka ranar tafiya ta tashe su tun da asuba, ta hana su runtsawa, ta bar Takwara tana ta tsalle a tsakar gida har azahar, don su shiga mota a gajiye.

Yunusa ya yi ta yi mata dariya. "Madam, to ni hwa, yaushe kinka tsara in yi nawa kwanan?"

Har Buza komai ya tafi yadda ta so, in ban da Takwara da ta ƙi barci, ta manna hanci a gilas tana kallon gero da duwatsu. Sun wuce Buza da nisa, sun gangaro bakin wata ƙorama mai faɗi, sai tayar baya ta yi faci. Wurin ba gari, ba makiyayi, sai wata kurna guda a kan gaɓa, da farin rairayi busasshe, da shimfiɗar simintin da motoci ke bi su ƙetare. Yunusa ya cire riga ya shiga aiki. Najiba ta shimfiɗa tabarma a gindin kurnar ta zauna tana ba Bashiru nono. Kafin ta ankara, Takwara ta kife a gefen tabarma da ƙwai a hannu, barci ya yi gaba da ita.

Da Yunusa ya gama, la'asar ta yi sanyi, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Ya taho yana goge hannu, ya buɗe baki zai kira yarinyar, Najiba ta ɗaga mishi yatsa.

"Don Allah kak ka tashe ta," ta ce a hankali. "Da ƙyar munka samu."

Ta sunkuya ta ɗauke ta cak, ta kwantar da ita a kujerar baya, ko motsi yarinyar ba ta yi ba. Suka naɗe tabarma, suka ƙetare ƙoramar, suka hau tudu. Najiba har da murmushi, dabara ta ci.

Sun yi tafiya mai ɗan dama sannan motar ta faɗa wani rami, har kan Yunusa ya bugi rufi. Bashiru ya fasa kuka. Takwara ta gangaro daga kujera ta faɗo ƙasa kamar buhu, kuma ba ta ce uffan ba.

Najiba ta miƙa hannu ta taɓa ta. Sanyi ƙalau.

Suka tsaya. Ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa, ta mintsine ta. Numfashi yana nan, amma can ƙasa, a hankali, kamar na wanda ke cikin rijiya. Ta ɗaga fatar idon, baƙin ya shige sama. Ƙwan nan har yanzu yana cikin tafin yarinyar, yatsun sun ƙi buɗuwa. Tsoro ya kama Najiba.

Allah Ya sa a kan tudun akwai rezo. Yunusa ya kira uwarsa, ya sa murya a fili. Tsohuwar ba ta yi salati ba, ba ta yi kururuwa ba. Tambaya ta yi.

"Ina tay yi kwanan?"

"Bisa ƙasa, Gogo. Gindin wata kurna, bakin ƙorama."

"Da za ku tashi, wa ya kira ta?"

"Ba kowa," in ji Yunusa. Iska ta taso da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri.

"Ba a ɗaukar yaro shina kwana a daji ba a kira shi ba," in ji Gogo. "Gangar jiki kunka ɗauko, ita tana can. Ku koma tun rana ba ta hwaɗi ba. Uwar ce za ta kira, kuma da sunan yanka. Kada ta daina kira sai sun iso mota."

Najiba ta matso da bakinta. "Gogo, sunanki ne."

"Na yahe miki, ɗiyata. Ki kira."

Yunusa ya juya mota. Duk hanyar Bashiru yana ta tsala ihu, ya ƙi nono, ya ƙi hannu. Da suka iso saman gangaren, rana ta zama ja, ta zauna a kan duwatsu. Rairayin ƙoramar yana nan a bushe, amma daga gabas ana jin wani gunji can nesa, ƙasa-ƙasa. Yunusa ya san wannan ƙara, ruwan ƙorama ne ke tahowa. Ya ce ba zai saka mota a ciki ba da yarinya kwance, zai bar inji a kunne ya riƙe ta, ita ta yi sauri.

Najiba ta fito. Bashiru ya maƙale mata yana shiɗewa da kuka, sai ta yi abin da hannunta ya saba yi ba tare da shawara da ita ba: ta wurga shi a baya ta ɗaure zane. Ta gangara.

Rairayin yana da ɗumi. Kwaɗi suna ta kuka ta ko'ina. Tana tsakiyar ƙoramar ta ji kan Bashiru ya kwanta a bayanta, kukan ya koma ajiyar zuciya, ya yi barci. Har ta gode wa Allah da ya yi shiru.

Da ta taka gaɓar can, kwaɗin suka yi tsit gaba ɗaya.

Wari ne ya fara tarbar ta, na tsohon man shanu da jiƙaƙƙen toka. Sannan ta ji waƙa, marar kalmomi, irin wadda mata ke yi da hanci in suna aiki.

A gindin kurnar wata mace tana zaune, ta ba ta baya. Ta miƙe ƙafafu, kuma ƙafafun sun yi tsawon da bai kamata ba, diddigen har cikin rairayi. A tsakanin gwiwoyinta Takwara ce zaune, da ƴar rigarta mai ruwan ɗorawa, ta sunkuyar da kai. Kitso ake yi mata. Rabin kan ya gama, yatsun matar suna tafiya da sauri, ba sa ko tsayawa.

"Takwara," in ji Najiba.

Yarinyar ba ta waiwayo ba.

"Haka nan ni ma nike ce mata," in ji matar, a hankali. Muryar Najiba ce sak ta fito daga bakinta. "Tsintuwa na yi. An bar min ita bisa ƙasa, ba wanda ya ce taso."

"Ɗiyata ce."

"Saura kaɗan in gama."

Gunjin gabas ya ƙaru. Najiba ta buɗe baki, harshen ya yi mata nauyi. Sunan da ta yi shekaru tana kewayewa ya ƙi fitowa. Yatsun matar suka kama wani layin. Gashin da ya rage bai fi a rufe da tafi ba.

"Ummukulsum."

Yatsun suka tsaya.

"Ummukulsum, taso mu tahi gida."

Yarinyar ta ɗago kai. Ta dube ta kamar wadda aka tasa daga barci, ta tura baki za ta yi kuka.

Matar ta juyo. Wuyan kawai ya juyo, kafaɗun ba su motsa ba. Fuskar a jiƙe take, baƙa, sumul kamar cikin tulu. Ba ta kalli idon Najiba ba. Ta saman kafaɗar Najiba take kallo.

Sai ta buɗe gwiwoyinta.

"Ɗauki abinki," ta ce.

Najiba ba ta tsaya tunanin sauƙin abin ba. Ta cafki hannun yarinyar. Ba nauyi, sai sanyi, kamar ta riƙe iska. Ta juya ta faɗa ƙorama da gudu.

"Ummukulsum. Taho, Ummukulsum."

Rairayin ya jiƙe. Ta ji shi a tafin ƙafa.

"Ummukulsum."

Ruwa ya kawo idon sawu, ja, mai kumfa, da karmami. Takalminta guda ya tafi.

"Ummukulsum."

Gwiwa. Wani reshe ya doke ta a cinya. Fitilun mota suna haska mata ido, Yunusa yana cikin ruwa har ƙugu yana miƙo hannu. Ya damƙi wuyan rigarta ya fizgo ta, suka zube a kan gangare. Bayansu ƙoramar ta sauko gaba ɗaya, da itatuwa da komai, ƙasa har tana girgiza.

Ta dubi hannunta. Ba kowa.

Daga cikin mota sai suka ji tari, sannan kuka, kukan yaro mai rai da haushi. Najiba ta rarrafa ta buɗe ƙofa. Yarinyar tana zaune, jikinta da ɗumi, ƙwan ya faɗi ƙasa. Da tsefaffen kai ta baro Madawa, amma yanzu kan a kitse yake, ƙanana-ƙanana, in ban da ɗan wuri guda bayan kunne. Najiba ta rungume ta tana kuka tana dariya, tana ta faɗin sunan a gaban mijinta ba ko kunya.

Yarinyar ta janye jiki. Ta leƙa bayan uwarta.

"Inna," ta ce cikin raɗa, "ba ki kira Bashiru ba."

Najiba ta kwance zane. Yaron ya sulalo hannunta, kai ya langaɓe. Duk gudun nan, duk ruwan nan, bai farka ba. Sanyi ƙalau.

Walƙiya ta haska ƙetare. Matar tana tsaye a gindin kurna, ta duƙa, tana gyara ɗaurin zane a ƙirji yadda mai goyo ke yi.

Najiba ta kira. Ta kira har muryarta ta tsage, Yunusa ya riƙe ta ta baya don kada ta faɗa ruwa. Amma ƙarar ƙorama ta fi ƙarfin muryar mutum, ko ita kanta ba ta jin abin da take faɗa.

Washegari da ruwa ya janye suka ƙetara. Gaɓar ta zabge, kurnar ta tafi da saiwoyinta, ba ma a gane inda ta tsaya.

Bashiru bai mutu ba. Ya buɗe ido daga baya, in an ba shi abinci yana ci, yana ma girma. An kai shi asibitin mishan, likitoci suka duba iyakar dubawa suka ce ba su ga ciwo ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, Gogo ta yi abin da ta sani na mutanen da. Har yau in ka kira sunansa ba ya juyowa, in ka dubi idonsa kamar ka leƙa ɗakin da aka kwashe kaya. Yunusa ya sayar da motar, ya kuma daina tsokanar matarsa.

Najiba kuwa ba ta daina shirin tafiya ba. Duk hutun damina sai ta soya nama, ta cika bido, ta goya yaron da ƙafafunsa suka fara jan ƙasa, ta shiga motar haya ta sauka a bakin ƙoramar nan. Ta tsaya a rairayi tana kira har rana ta faɗi. Direbobin hanyar sun san ta, ba mai ce mata komai.

Bana Ummukulsum ta nace sai ta bi ta. Uwar tana kira, ita tana tsaye shiru, ta ƙura wa ƙetare ido, kanta yana bin wani abu a hankali daga dama zuwa hagu.

"Kina ganin shi?" Najiba ta tambaya.

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Lahiya lau shike. Har ya iya magana." Ta kama bakin zanen uwarta. "Amma ba ke shike ce ma Inna ba."